Tambaya da Amsa: Birkin karaban ɗina gefe ɗaya kawai yake kamawa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Oga, sannu da ƙoƙari. Ni mutumin Katsina ne amma aiki ya kawo ni Perth a Ostireliya. Kwanaki na sayi karaban na hannu, wato ɗakin nan mai taya da ake ɗaurawa a bayan mota a ja, da gado da kicin duk a ciki, mutanen ƙasar nan suna ji da shi sosai lokacin hutu. Nawa mai taya huɗu ne kuma birkinsa na lantarki ne. Da farko in na taka birki sai in ji kamar ana turo ni ta baya, sai na murɗa kwantirolar da ke kusa da sitiyari har ƙarshe, toh tun daga ranar taya ɗaya ta dama ke ƙamewa tana jan ƙasa har da ƙauri, in na tsaya na kai hannu kusa sai in ji ta zafi rau, na hagu kuwa sanyi ƙalau kamar ba a yi tafiya da su ba. Kuɗin gareji a nan ba a magana wallahi. Dan Allah kwantirolar ce ta mutu in sayi sabuwa ko yaya zan yi? Daga mai karatunku a Perth.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sanya albarka. Ka riƙe kuɗinka tukuna, kwantirolar nan da wuya in tana da laifi. Waya ɗaya ce tak, shuɗiya, ke ɗauko wuta daga kwantirola ta bi ta fulogi ta rarrabu zuwa tayoyin huɗu, abin da ta ba na dama shi ta ba na hagu, ba ta san wata ta fi wata ba. In gefe ɗaya na kamawa ɗaya na barci, ciwon yana can wajen tayoyin. Murɗawar da ka yi har ƙarshe ma ƙara jibga wa taya ɗaya aikin huɗu ka yi, shi ya sa take ƙauri.

In ka taɓa leƙa duram ɗin birkin tayar bayan Hilux ka gama sanin rabin abin, shu biyu ne a ciki da ke buɗewa su matse duram. Bambancin kawai nan babu man birki, maganaɗisu ne ke rataye a jikin wani hannun ƙarfe, in wuta ta shige shi sai ya manne da fuskar duram ta ciki, duram ɗin na juyawa sai ya ja shi, hannun ya tura shu ɗin waje. Kaga kenan sai taya na juyawa birkin ke samun ƙarfi, kuma in shu ya ci ya yi nisa da duram, hannun zai ƙure tafiyarsa bai matse komai ba ko da wuta ta kai masa cif. Yawancin waɗannan birkin ba sa saita kansu, da hannu ake yi, kuma masu sayar da karaban na hannu ba kasafai suke tunawa da shi ba.

Don haka ka fara da saiti, ba ya cin ko sisi. Samu fili mai tauri wanda ba gangara ba, bar karaban ɗin ɗaure da mota, sa wa tayoyin ɗaya gefen waigi, ka ɗaga da jak a inda kamfanin ya nuna a jikin shasi, ban da tsakiyar aksil don yana iya lanƙwasawa. Ka sa ƙafar ƙarfe ta tokare kafin ka shiga ƙasa, dan girman Allah kar ka ba jak amanar ranka. Ka sauke birkin hannun karaban ɗin, in igiyarsa ta yi tsauri ka sassauta ta, don na sha ganin taya mai zafi da ba komai ke damunta ba sai igiyar birkin hannu da aka ɗaure tamau. A bayan farantin birkin daga ƙasa akwai ɗan murfin roba, ka ɓalle shi ka haska tocila za ka ga wani ɗan ƙarfe mai haƙora kamar tauraro. Sa sukudireba mai faɗin baki kana tura haƙoran ɗaya bayan ɗaya, ɗaya hannun kana juya taya, in ka ji tana ƙara sakewa to ka juya akalar, ka ci gaba har tayar ta ƙi juyuwa da hannu. Daga nan sai ka dawo baya a hankali, galibi haƙori 8 zuwa 10 ne, har ta riƙa juyawa amma kana jin ɗan gogar shu kaɗan, shuu shuu. Abin da mutane ke ɓatawa shi ne su yi wa taya ɗaya su tafi. Duka huɗun za ka yi, kuma gogar ta zo iri ɗaya. Littafin Dexter, masu ƙera aksil a Amurka, ya ce a saita bayan mil 200 na farko, sannan duk mil 3,000, wajen kilomita 5,000 kenan.

Tun tayar na sama ka gwada wuta. Wani ya zauna a mota ya danna maɓallin jikin kwantirola da ke kama birkin karaban kaɗai, kai kuma ka wulwula taya, ya kamata ta tsaya cak kuma ka ji ɗan gunjin maganaɗisu. In kana da kamfas mai allura irin na duba alƙibla ka kara shi jikin duram, allurar za ta karkata in wuta ta iso. Wadda ta yi shiru ka bi wayarta. Ni dai inda na fi kama ɓarawo wuri uku ne: fulogin da ya yi tsatsa ko bakinsa ya buɗe, farar wayar at (earth) da ta saki jikin shasi, sai wayar da ke ratsa aksil daga wannan gefe zuwa wancan, tana gogar ƙarfe shekara da shekaru har ta tsinke. Tunda naka gefen hagu ne gaba ɗaya ya yi sanyi, wannan ta ukun nake zargi, ko haɗin wayoyin da ke bayan farantin.

In kana da mitar awon wuta abin ya zo da sauƙi. Maganaɗisun duram mai inci 10 ko 12 yana nuna om 3 da ɗan ɗoriya, kuma yana jan wajen amp 3 in an ba shi bolt 12. Taya huɗu kenan wajen amp 12 a kan shuɗiyar waya, mota na kunne an danna maɓallin har ƙarshe. Ka ga 9, ɗaya ya fita, ka ga 6, biyu ne. Wayoyi biyun da ke fitowa daga maganaɗisu babu ruwansu da wacce ce fositif, duk yadda ka haɗa daidai ne.

Sai in duk wannan bai warware ba za ka cire duram, amma ita tayar da ke ƙamewa ko ya warware ina so ka buɗe ta. Sau da yawa sil ɗin boris ne ya fashe giris ya malalo kan shu, shu mai giris kuwa ko ya fizge taya ko ya ƙi kamawa sam, kuma wanki ba ya raba shi da giris, canzawa ake yi tare da sil ɗin. Zafin da ta sha ma ya isa a duba boris a sake masa giris. Ka duba kaurin fatar shu, in ta kusa milimita 1.5 ta gama aiki. Ka ɗora rula a fuskar maganaɗisu, in ta ci gefe ɗaya ko jan ƙarfen ciki ya leƙo, ya tashi daga aiki. Duk abin da za ka canza ka canza hagu da dama na aksil ɗin tare, kuma ka lura na hagu daban na dama daban, shu mai gajeriyar fata shi ke fuskantar gaba. Kar ka hure ƙurar ciki da iska, tsofaffin shu wasu na da asbestos, ruwan fesa na wanke birki za ka sa.

In ka sa sabbin shu ba za su kama da kyau ranar farko ba sai sun zauna. Nemi titin da ba kowa, ka kai gudun kilomita 60 a awa ka rage zuwa 30 da maɓallin kwantirola kaɗai, sau 20 zuwa 30 kana ba su tazara su huce. Sannan ne za ka dawo kan kwantirolar, karaban da kayansa a ciki, gudu 40, ka danna maɓallin, kana ƙara murɗa kwantirolar har taya ta kusa ƙamewa sai ka rage kaɗan ka bar ta nan.

Abu ɗaya kuma tunda a Ostireliya kake. Doka ta ce tirelar da ta wuce kilo 750 sai da birki, in ta wuce kilo 2,000 kuwa sai kowace taya na da shi, da na'urar da ke kama birki da kanta in karaban ya ɓalle daga mota, ta riƙe minti 15 aƙalla. Mai taya huɗu da wuya bai kai nan ba, ka duba farantin nauyin da ke jikinsa. Na'urar na da ɗan batir nata da ke mutuwa shiru ba wanda ya sani, ka zare fulogi daga mota, ka ja fil ɗin na'urar ka ga ko tayoyi huɗun sun kama, ka mayar da shi nan take kafin maganaɗisu su yi zafi. In bayan duk wannan mita ta nuna wutar da ke isowa soket ɗin bayan mota ba ta kai kusa da bolt 12 ba, to nan ne za ka nemi mai riwaya ya bi layin daga kwantirola.