Shin "shayi" daga "sha" ya fito?

Tambaya daga wani mai karatu a unguwar Bagalam, Maradi: Malam, musu ya kaure a fadarmu. Ni na ce "shayi" Hausa ce tsantsa, wato "sha" da "yi". Abokina ya ce Larabci ce. Wa ya yi gaskiya?

Amsa: Ɗan'uwa, ka yi haƙuri, kai za ka sayi gawayin gobe. Abokinka ya fi ka kusa da gaskiya, amma shi ma rabin hanya ya tsaya.

Daga bakin Larabawa muka karɓe ta, su suna cewa "shay", mutanen Libiya kuma "shahi". Larabawan ma aro suka yi daga Farisa, inda ake cewa "chay", Farisawa kuwa daga ƙasar Sin, mahaifar ganyen, inda sunansa "cha". Wannan "cha" ɗin ce ta bi ayarin fatake ta ƙasa, har ta zama "chai" a Rasha da Indiya da Turkiyya. A Swahili ma "chai" ne, sai dai in ma'aikaci ya ce ka ba shi "chai" a Nairobi, ba ruwan zafi yake nema ba, na goro yake so.

Abin da ya fi burge ni shi ne "thé" ɗin Faransanci da muka koya a lakwal. Ita da shayi uwa ɗaya uba ɗaya ne. A gabar tekun Fujiyan, kudancin Sin, kalmar nan ɗaya da ake rubutawa iri ɗaya "te" suke furta ta. Da waɗannan mutane 'yan kasuwar Holan suka yi ciniki, suka fara kai ganyen Turai wajen 1610, Faransawa da Ingilishi suka ɗauki sunan daga gare su. Shi ya sa in ka tsallaka Jibiya mai tebur zai tambaye ka ko "ti" kake so. Mutanen Fotugal, da suka zauna Makawo, wani gari a gabar tekun Sin inda ake cewa "cha", tun 1557, "cha" suka riƙe har yau.

Amma ban ga laifinka ba. Kalmar ta zo ta tarar da "sha" a gida, ta yi kama da ita, shi ya sa ba wanda ya ji ta baƙuwa. Ta kuma tarar da masu irin sunanta: shayin da wanzami ke yi wa yara, da shayin da ake ji in an ce wane ba ya shayin kowa. Waɗannan ba su haɗa komai da buta ba. Ina yaro, kakata ta taɓa cewa za a yi mana shayi da sanyin safiya, na kwana ina murna, ina jiran sukari.