Lokotoro ya ce cutata ta yi nisa, ina son ba da gidana a yi masallaci

TAMBAYA

Assalamu alaikum malam, Allah shi ƙara sani. Ni ɗan kasuwa ne nan Tawa, shekarata 61, na yi zaman Abijan tun ina saurayi sannan na dawo gida na buɗe butik. Bara ciwon ciki ya taso mini anka tura ni Yamai, anka yi gwaje-gwaje anka ce kansar hanta ce kuma ta yi nisa, lokotoro ya ce in koma gida in riƙa shan maganin rage zafi. Malam wallahi tsoro nake ji, da dare ba ni barci, har ina tunanin ko imanina ne ba shi da ƙarfi. Ina da mata 2 da ɗiya 9 maza da mata, akwai ƙanana cikinsu, sai jikoki 3 marayu na babban ɗana da ya rasu a Libiya. Abin da na mallaka gidan da muke ciki ne, da fili a Yamai, da butik. Niyyata in ba da gidan a yi masallaci in samu abin da zan tarar can. Ban gaya ma kowa cutar ba sai ƙanena. Mi kuka gani?

Daga wani bawan Allah, Tawa

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Alhaji sannu da jiki, Allah shi ba ka lafiya mai amfani, shi sa wanga ciwo kaffara ne. Na daɗe riƙe da wayar bayan na karanta saƙonka, don tambayarka ba ta gaggawa ba ce.

Bari in fara da tsoron, tunda shi ke hana ka barci. Alhaji wannan ba raunin imani ba ne. Lokacin da Annabi (SAW) ya ce wanda ya so gamuwa da Allah to Allah na son gamuwa da shi, wanda ya ƙi kuma Allah na ƙin gamuwa da shi, Nana A'isha ba ta yi shiru ba, ta ce ya Manzon Allah ai dukkanmu muna ƙin mutuwa. Sai ya ce ba haka ake nufi ba, mumini ne idan lokacin ya zo aka yi masa bushara da rahamar Allah da yardarsa da aljannarsa, to a nan ne zai so gamuwar. Hadisin na cikin Bukhari da Muslim. Ka ga uwar muminai da kanta ta faɗi abin da ke zuciyarka, kuma ba a ce mata imaninta ya yi rauni ba. Abin da ake nema gare ka shi ne kada tsoron ya kai ka ga yanke ƙauna. Jabir ya ce ya ji Annabi kwana 3 kafin rasuwarsa yana cewa kada ɗayanku ya mutu face yana kyautata zato ga Allah. Malamai na cewa mai lafiya ya rinjayar da tsoro don ya kame daga saɓo, mara lafiya kuwa ya rinjayar da fata. Kai yanzu lokacin fata kake. Duk abin da ya faru a shekarun ƙuruciya can bakin teku, ƙofar tuba a buɗe take matuƙar rai bai kai ga gargara ba. Idan dare ya yi tsawo ka riƙa addu'ar da Anas ya ruwaito: Allahumma ahyini ma kanatil hayatu khairan li, wa tawaffani iza kanatil wafatu khairan li, wato Allah ka rayar da ni matuƙar rayuwa ce alheri gare ni, ka ɗauke ni idan mutuwa ce alheri gare ni.

Maganin zafin kuma ka sha shi yadda anka rubuta maka, ko da mai ƙarfi ne mai sa barci, ba laifi ba ne kuma ba ya rage ladar haƙuri. Salla ka yi ta yadda jiki ya ba ka, a tsaye ko a zaune ko a kwance a gefe, haka Annabi ya ce ma Imrana ɗan Husaini, in ruwa na wahalar da kai a ajiye maka dutsen taimama kusa da gado.

To yanzu maganar gidan, kuma zan gaya maka gaskiya don ita ka zo nema. Kada ka ba da shi. Niyyarka mai kyau ce ƙwarai, amma shari'a ba ta ba ka wannan damar ba a halin da kake ciki, kuma irin tambayarka an taɓa yi ma Annabi ita. Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya kwanta ciwo mai tsanani a Makka shekarar hajjin bankwana, shekara ta 10 bayan hijira, ya ce ya Manzon Allah ina da dukiya kuma ɗiya mace ɗaya ce gare ni, in yi sadaka da kashi biyu cikin uku? Ya ce a'a. Rabi fa? Ya ce a'a. Sulusi fa, wato kashi ɗaya cikin uku? Ya ce to sulusi, sulusin ma da yawa ne, ka bar magadanka da wadata ya fi ka bar su matalauta suna miƙa hannu ga mutane. Mai ɗiya ɗaya ke nan anka hana, to ina ga mai mata 2 da ɗiya 9 da ke kwana cikin gidan da kake son badawa. Kuma abin da nake son ka riƙe daga labarin Sa'adu, bai mutu a wannan ciwon ba, ya ƙara sama da shekara 40 a duniya. Ba ina ce maka ka ƙaryata lokotoro ba ne, ya faɗi iya saninsa, amma ranar da wurin Allah kaɗai ya san su.

A mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda ya zo a littafin fiƙihu na Risala, kyauta ko sadaka ko wakafi da mutum ya yi yana cikin ciwon ajali hukuncinta hukuncin wasiyya ne, daga sulusi kawai take fita, kuma sai in ba magaji anka ba ba. Wato ko yau ka kira liman da shaidu ka ce na ba da gidan, idan darajarsa ta wuce sulusin abin da ka bari, abin da ya hau kai magada na da haƙƙin su hana, ƙananan ma babu mai ikon yafewa a madadinsu. Abin da zai biyo baya rigima ce tsakanin iyalinka da 'yan kwamitin masallaci har jastis, ni kuwa ba na son sunanka ya shiga irin wannan bayan ranka.

Ga yadda tsarin yake. In mutum ya rasu, daga dukiyarsa ake fara cire likkafani da abin da jana'iza ke buƙata, sai bashi, sai wasiyya, sannan abin da ya rage a raba gado, ayoyi na 11 da 12 na Suratun Nisa'i sun maimaita cewa gado bayan wasiyya ne ko bashi. Misali in bayan an biya basussuka komai naka ya kama miliyan 9 na sefa, iyakar hannunka miliyan 3. Matanka biyu tumuni za su raba tsakaninsu, wato kashi ɗaya cikin 8, ɗiya kuma namiji rabon mace biyu.

Bashi shi ne inda nake son ka fi daɗewa Alhaji, ya fi masallacin gaggawa nesa ba kusa ba. Annabi ya ce ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya masa, an kawo masa gawa ya ƙi yi mata salla saboda 'yan dinare har sai da Abu Ƙatada ya ce ya ɗauka, shahidi ma ana gafarta masa komai ban da bashi. Kai ɗan kasuwa ne, ka san yadda muke, kaya na zuwa daga Kwatano ko Kano da magana ta baki kawai, wani ya ba ka ajiya tun zamanin Abijan, wani abokin tafiya ya rasu kuɗinsa na hannunka ɗiyansa ba su ma sani ba, ga adashe da ka ɗauka ba ka gama zubi ba, ga zakkar shekarun da anka yi sakaci. Ka samo kaye sabo ka zauna da ƙanen nan naka, ku rubuta wanda kake bi da wanda ke bin ka, suna da adadi da lambar waya, abin da za ka iya biya yanzu ka biya da hannunka kada ka bar ma kowa. Ibn Umar ya ruwaito cewa bai kamata musulmin da ke da abin wasiyya ya kwana biyu ba face wasiyyarsa na rubuce a wurinsa. A sa adilai biyu su yi shaida su sa hannu, a faɗi inda takardar gida da ta filin Yamai suke, da lambar sirrin kuɗin da ke cikin waya, don dukiyar marayu da yawa ta salwanta a nan.

Akwai wani bashi da maza ke mantawa, na matan gida. Sauran sadaki, ko awakin uwargida da anka sayar anka zuba cikin butik lokacin da kasuwa ta karye, ko zinarinta. Wannan bashi ne kamar na kowa, ba ya shiga cikin tumuninta. Sai dai a kula, a Malikiyya iƙirarin mai ciwon ajali cewa magajinsa na bin sa bashi ba a karɓarsa haka nan saboda zargin son kai, don haka a nemo waɗanda sunka san maganar tun da can su shaida, a kuma faɗa gaban manyan ɗiya su ji da kunnensu.

Sulusin naka kuwa, in ka tambaye ni ra'ayina, jikokin nan 3 su ne na farko. Mutane da yawa ba su san cewa jikan da ubansa ya riga kakansa rasuwa ba ya gado matuƙar akwai ɗa namiji da rai ba. Ranar rabo za su zauna su ga ana kiran sunan kowa ban da su, alhali uban nasu neman abin rufin asirin gidan ne ya kai shi Libiya. Amma da yake ba magada ba ne, wasiyya ta halatta gare su, ba kamar ɗiyanka da matanka ba da hadisi ya ce babu wasiyya ga magaji. Ka rubuta musu wani abu sananne daga cikin sulusin, ko filin Yamai ne in bai wuce shi ba, ka naɗa wasiyyi mai amana da zai riƙe musu har su yi hankali, haka ma ƙananan ɗiyanka ka faɗi wanda zai tsaya kansu. Abin da ya rage sai a yi sadaka mai gudana da shi. Masallaci alheri ne babu shakka, wanda ya gina shi don Allah an yi masa alkawarin gida a aljanna, kuma ko rufi ka saya ko tabarmi ka shiga ciki. Amma ka duba unguwarku da ƙauyenku ka ga mi anka fi buƙata. Da mahaifiyar Sa'adu ɗan Ubada ta rasu ya tambayi wace sadaka ta fi, Annabi ya ce ruwa, sai ya haƙa rijiya. Kai ɗan Adar ne, ba sai na gaya maka abin da mata ke sha a watan bazara kafin su cika bidon ɗaya ba. Ko gyaran fanfon da ya lalace ne, ko allo da Ƙur'anai da inuwa ga makarantar da babu.

Sai ɓoye cutar. Na san halinmu na kunya da dauriya, kuma na san tausayinsu kake ji, amma ina roƙonka ka gaya ma matanka da manyan ɗiyanka. Hadisin da kowa ya haddace ya ce aikin ɗan Adam na yankewa sai abu 3, sadaka mai gudana, ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Kai hankalinka ya tafi ga na farko, alhali na ukun guda 9 ne cikin gidanka, ga jikoki. Annabi Yaƙubu da mutuwa ta zo masa tara ɗiyansa ya yi ya tambaye su mi za ku bauta ma a bayana, aya ta 133 a Baƙara. Ka kira su ɗaya bayan ɗaya, ba taro ba, kowa ka gaya masa alherin da ka sani gare shi tukuna sannan abin da kake jin tsoro a kansa, ka sa masa albarka da bakinka ya ji, don akwai ɗan da zai yi shekara 40 yana tambayar kansa ko baba ya tafi yana fushi da ni. Waɗanda ke waje ka kira su ta WhatsApp, mai iya zuwa ya zo yanzu da kake iya magana. Ƙananan da ba za su riƙe ba a ɗauki muryarka a waya a ajiye musu, ka yi musu maganar salla da zumunci tsakanin 'yan ɗaki da 'yan uba, ka faɗa musu yadda ka ci halal a baƙon wuri. In akwai ɗan'uwan da kunka daina gaisawa kan gona ko kan wata magana, kai ka fara aikawa, Annabi ya ce wanda ke da haƙƙin ɗan'uwansa a kansa ya nemi warwarewa yau kafin ranar da babu dinare babu dirhami.

A cikin takardar ka ƙara layi biyu. Na ɗaya kada a taɓa dukiyar gado a yi abincin zaman makoki ko na sadakar arba'in da ita tunda akwai marayu ciki, babban da ya ga zai yi ya yi daga aljihunsa, asali ma da Ja'afar ya yi shahada a Mu'uta mutanen gidansa Annabi ya umarta su dafa ma iyalin mamacin. Na biyu ka zaɓi wanda zai zauna kusa da kai in jiki ya yi nauyi, mai natsuwa, ya riƙa faɗin la ilaha illallah a hankali kusa da kunnenka ba tare da ya matsa maka ka ce ba, in ka faɗa sau ɗaya ya yi shiru sai in wata magana ta shiga tsakani.

Lissafin sulusi da rabon kowa yana buƙatar a san maza nawa mata nawa, ko mahaifanka na raye, da kimar gidan da filin a yau, don haka cikin satin nan ku kira malamin da ya san gado a nan Tawa ya zo gida ku zauna da shi da ƙanenka. Allah shi sawwaƙe maka Alhaji, shi sa mu cika da imani.