Wa ke biyan kuɗin maganin daji a Makka?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko za ka turo mana ƙanwarka da bizar Umara a yi mata maganin ciwon dajin mama, tunda an ce maka a ƙasa mai tsarki asibiti kyauta ne. Allah ya ba ta lafiya. Amma kada ka sayar da gona a kan wannan labari. Inshorar da ke tare da bizar Umara ta larurar gaggawa ce, ba ta ɗaukar jinyar shekara guda.

Mu kanmu mazauna nan ba ɗaya muke ba a ƙofar asibiti. Akwai Hausawa 'yan ƙasa, jikokin waɗanda suka tako ta Sudan tun kafin jirgin alhazai. Su ake yi wa kyauta a asibitin Sarki Abdullah da ke Makka ko na Sarki Faisal a Jidda. Akwai masu igama, wato takardar izinin zama, da ke aiki a kamfani, inshora ke biya musu, kuma tana da iyaka a shekara. Sai wanda igamarsa ta mutu ko bai taɓa samunta ba, ko da a Misfala aka yanke masa cibiya. Wannan daga aljihunsa zai biya, kuma a kansa hankalinmu ya fi tashi.

Ɗaya daga cikin magungunan da suka fi cinye dukiyar gida a wannan ciwo shi ne trastuzumab, wanda aka fi sani da Herceptin. Ba kowace mai ciwon yake yi wa amfani ba. Sai an gwada tsokar da aka ciro an ga HER2, wato sinadarin jikin ƙwayar dajin da maganin ke kai wa hari, ya nuna 3+, in kuwa 2+ ya nuna sai an ƙara wani gwaji mai suna FISH don a tabbatar. Wanda ya saya kafin wannan ya zubar da kuɗinsa. Da nauyin jiki ake auna shi: miligiram 8 a kowane kilo a karon farko, daga nan 6 duk bayan mako uku, har shekara. Mace mai kilo 60 ke nan za a ɗaura mata miligiram 480 ta jijiya, sannan 360 kowane zuwa.

A nan lissafin kwalba yake shigowa. Ƙaramar kwalba mai miligiram 150, uku za a fasa don a sami 360, sauran 90 a zubar. Babbar mai 440 kuwa, in an haɗa ta da ruwan da ya zo tare da ita, ragowar tana kai kwana 28 a firji, saboda haka 80 ɗin da ta rage tana iya shiga zuwa na gaba in asibitin ya yarda ya ajiye. A tambaya tun kafin a biya. A kuma tambayi likita ko zai rubuta irinsu Herzuma ko Ogivri, aikinsu ɗaya, kuɗinsu bai kai ba.

Abin da ya fi karya mutane shi ne jinkiri. In aka wuce ranar allura da fiye da mako guda saboda kuɗi bai haɗu ba, sai an koma awon farko na miligiram 8, rashin kuɗin ya ƙara jawo kashe kuɗi. Ga hoton zuciya duk wata uku, don maganin yana iya raunana ta. Ga sanyi: tsakanin digiri 2 zuwa 8 ake ajiye shi, kada ya daskare, a garin da zafi ke haura 45. Shi ya sa ba ma sayen na cikin jakar matafiyi komai arharsa, kuma asibitoci da yawa ba sa ɗaura wa majinyaci abin da aka shigo da shi daga waje.

Kuɗin kuwa a tsakanin dangi ake haɗa shi, a hankali, domin doka ta hana tara gudummawa a bainar jama'a ba tare da izini ba. Ƙungiyoyi irin su Zamzam suna taimakawa, amma takarda suke fara nema. Mata su ba da kwasar adashinsu, surukai su ɗauki kwalba guda. Ina faɗar wannan ne saboda maganar da kuke yawan yi cewa mun zama Larabawa, yaranmu ba sa jin Hausa. Hausar wasu ta gauraya, gaskiya ne, amma zo ka ga gidan mara lafiya bayan Isha'i, ka ga kwanon tuwo da ke shiga da kuma waɗanda ke kwana a wurinta.

Haka zancen aure, wai don takarda muke haɗa jini da 'yan ƙasa. Ɗan ƙasa ba ya auren baƙuwa sai da amincewar ma'aikatar cikin gida, kuma tana ɗaukar lokaci. Wannan ba ƙofar samun magani ba ce, kada wani ya ruɗe ka da ita.

Ka turo hoton sakamakon gwajin da nauyinta. A fara mata a gida, asibitin Malam Aminu Kano ko na Shika, kusa da 'ya'yanta. Abin da muka haɗa za mu aiko kafin ranar kowace allura, in sha Allahu.