Tambaya da Amsa: Akwai Maganin Fargaba da Ba Ya Sa Ƙiba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamar makaranta ce a Tawa, shekaruna 36, kuma tun bara nake fama da faɗuwar gaba da yawan tunani da rashin barci, har likita ya rubuta mini Laroxyl. Na sami sauƙi ƙwarai, amma cikin wata shida na ƙaru da kilo bakwai, ga shi ciwon sukari ne ya yi ajalin mahaifiyata. Tsoro ya sa na daina shan maganin ba tare da na gaya wa kowa ba, yanzu kuma fargabar ta dawo. Shin akwai maganin da zai kwantar mini da hankali ba tare da ya sa ni ƙiba ba? Daga wata malama a Tawa.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya jiƙan mahaifiyarki, ke kuma ya ba ki lafiya. Tsoronki yana da dalili, domin ƙarin kilo bakwai ga wadda ke da ciwon sukari a dangi ba abin wasa ba ne, kuma akwai magunguna da suka fi wanda aka ba ki sauƙi ta wannan fuska, ko da yake babu wanda likita zai yi miki alkawarin cewa ba zai taɓa nauyinki ba.

Sunan Laroxyl na asali amitriptyline, tsohon magani ne mai araha wanda ake samu a kusan kowane kantin magani a ƙasar nan, shi ya sa likitocinmu suke yawan rubuta shi. Yana aiki, amma yana cikin waɗanda suka fi sa ƙiba, domin yana toshe aikin wani sinadari a ƙwaƙwalwa da ake kira histamin, sai barci ya yi nauyi, yunwa ta ƙaru, kwaɗayin zaƙi ya taso. Yana kuma busar da baki, kuma a zafin Tawa mai busasshen baki yakan kai hannu ga lemun kwalba da zoɓo da shayi mai sukari sau da yawa a yini, ba tare da ya lissafa su cikin abinci ba. Ina ganin wannan hanya ce ta ƙarin nauyi da ba a cika faɗa wa marasa lafiya ba. Wani ɓangare na kilon kuma yana iya zama na samun sauƙi, domin wanda damuwa ta hana cin abinci, idan hankalinsa ya kwanta cinsa yakan dawo.

Magungunan da ake fara bayarwa yau don fargaba su ne na rukunin da ke ƙara sinadarin serotonin, wato sertraline da fluoxetine da escitalopram da paroxetine, waɗanda a kantunanmu aka fi sani da Zoloft da Prozac da Seroplex da Deroxat. A shekarar 2024 mujallar Annals of Internal Medicine ta buga wani bincike da aka yi a Amurka kan mutane fiye da 183,000, inda aka gwada magunguna takwas da juna. Bayan wata shida, masu shan escitalopram da paroxetine sun fi masu shan sertraline ƙaruwa da abin da bai kai rabin kilo ba, fluoxetine ya zo kusan daidai da sertraline, bupropion kuwa shi ne mafi ƙarancin ƙara nauyi. Bambancin ƙarami ne idan aka haɗa jama'a, amma jikin kowa daban yake karɓar magani. Wani maganin kuma mai suna mirtazapine, kamar amitriptyline, ya yi suna wajen buɗe ciki, don haka ba shi ne za a fara duba miki ba.

Kada sunan bupropion ya ja hankalinki da yawa. An fi saninsa da maganin baƙin ciki mai tsanani da taimakon masu son barin taba, ba a tabbatar da amfaninsa ga ciwon fargaba kamar na sauran ba, yana iya ƙara rashin natsuwa da rashin barci, kuma ba a ba mai farfaɗiya. A ganina, abin da ya fi dacewa ki tattauna da likitanki shi ne sertraline ko fluoxetine. Ana farawa da kaɗan, domin a makonni biyun farko fargabar tana iya ɗan ƙaruwa, tare da tashin zuciya, kuma cikakken amfanin ba ya bayyana sai bayan mako huɗu zuwa shida. Idan kina da ciki, ko kina neman haihuwa, ko kina shayarwa, ki faɗa tun farko, domin ana kauce wa paroxetine a farkon ciki, sertraline kuma shi aka fi zaɓa wa mai shayarwa.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne yanke maganin da kika yi ke kaɗai. Barin irin waɗannan magunguna farat ɗaya yana kawo jiri da ciwon kai da munanan mafarkai, kuma ciwon kansa yakan dawo idan ba a ci gaba da sha ba na aƙalla wata shida bayan samun sauƙi, a ciwon fargaba ma sau da yawa har shekara. Ki koma wurin likitan da ya duba ki, ki gaya masa gaskiyar abin da ya faru da tarihin mahaifiyarki, ki nemi a gwada miki sukarin jini da aikin ƙwayar maƙogwaro da ake kira thyroid, wadda matsalarta kan kawo bugun zuciya ko ƙiba. Idan ana bukatar ƙwararre, akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Babban Asibitin Ƙasa na Yamai, kuma zaman tattaunawa da masanin halayyar ɗan Adam yana rage fargaba ba tare da ƙwaya ba.

Ina roƙonki kada ki sayi waɗannan magunguna a hannun ƴan talla, kada kuma ki karɓi Valium ko Lexomil daga wata ƙawa, domin suna kwantar da hankali nan take amma jiki yana sabawa da su har ya kasa rabuwa. Tramol kuwa, idan ya haɗu da sertraline ko fluoxetine, yana iya jawo zazzaɓi da karkarwa da ruɗewa masu hatsari. Ranar da za ki fara sabon maganin ki hau sikeli ki rubuta nauyinki, ki riƙa maimaitawa kowane mako biyu, ki mai da ruwan sanyi madadin lemu, ki kuma yi tafiyar ƙafa ta minti 30 bayan sallar asuba ko da yamma. Idan ƙarin ya kai kashi 5 cikin 100 na nauyinki, ki kai wa likita takardar domin ya duba sauya maganin, idan kuma tunanin cutar da kanki ya taɓa zo miki, ki je asibiti a ranar tare da wani na kusa da ke.