Zauren Tambaya da Amsa: Keken Lahadi a Maradi

Assalamu alaikum masu karatu. Tun da na ba ku labarin fitar da ƙungiyarmu ta masu keke ta yi zuwa tafkin Madarunfa wayata ba ta huta ba. Wasu ma har rumfata suka tako a Sabon Gari, ina tsakiyar ɗaure wayoyin ƙafar keke, suka zauna bisa benci suka yi tambayarsu baki da baki. Na tsamo biyar daga ciki. Wanda bai ga tasa ba ya yi haƙuri, tana nan ajiye.

Tambaya: Kawu, ni ɗalibi ne a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo. Kusan kowace Lahadi nakan gan ku kun wuce a jere bisa hanyar Tibiri, abin yana ba ni sha'awa. Sai dai kekena irin na zuwa kasuwa ne, mai kariya a baya, giyarsa ɗaya. Kuna karɓar irina? Kuma yaya aka yi kuka taru haka?

Amsa: Ɗana, taho da kekenka, da irinsa muka fara. Mu biyar ne a farko: ni, da wani tela maƙwabcina, da malamin lakwal, da wani ma'aikaci da likita ya ce ya riƙa motsa jiki saboda hawan jini, sai wani yaro mai gyaran wayar salula. Mutum ɗaya ne cikinmu ke da keken tsere na gaske, mai lanƙwasasshen ƙaho da siririyar taya, shi ma gwanjo ne da aka kawo daga Kwatano. Muna idar da sallar asuba mu haɗu a bakin rumfata, mu je Tibiri mu dawo, kafin rana ta yi zafi mun sha kunu.

Mun sha magana. A garin nan in aka ga magidanci da furfura bisa keke, abin da ke faɗo wa mutane a rai shi ne karayar arziki ta same shi. 'Yan kabu-kabu kan rage gudu su ce, "Baba, hau in kai ka, ko ba ka biya ba." Ban taɓa jin haushinsu ba, don tausayi ne ya sa su.

Abin da ya tara mana jama'a kuwa, ina iya nuna maka ranarsa. Wata Lahadi cikin hunturu wani yaro ya biyo mu tun daga Bagalam bisa keken mahaifinsa, wanda ake ɗebo ruwa da shi, har igiyar ɗaure jarka tana reto a kariya. Bai ce mana uffan ba, mu ma ba mu kore shi ba. Da muka juyo daga Tibiri sai ya sauka gefen kwalta don ya ba wata babbar mota hanya, tsidau ya soke masa tayar baya. Na waiga na hango shi tsaye, ya riƙe keken ya sunkuyar da kai. Malamin nan ne ya fara juyawa, sai duk muka bi shi. Muka jingine kekuna a gindin wani gawo, na zaro tub na ba shi iska, tela ya riƙa shafa masa ruwan gorarsa yana bi a hankali har ya ga inda kumfa ke tashi. Muka goge wurin, muka shafa gam, muka liƙa faci. Yaron ko godiya ya kasa, idonsa ya cika da ƙwalla. Lahadin da ta biyo ya zo da abokansa uku. Tun ranar muka kafa doka, kuma har yau ita ce ta farko a littafinmu: ba a barin kowa a hanya. Yanzu sunayen da ke littafin sun haura 40, kuma in ka bi diddigi, kusan kowa wani ne ya jawo shi, wanda shi ma an taɓa tsayawa an jira shi.

Kafin Lahadi ka kawo min keken in duba birki, shi ne ba na wasa da shi. Zan kuma ɗaga maka sirdi. Yawancin mutanenmu suna barinsa ƙasa ƙwarai, shi ke kawo ciwon gwiwa. Ma'auninsa, in ka ɗora dunduniya bisa feda tana can ƙasa, ƙafarka ta miƙe sak. Kaske, wato hular kwano, dole ne, in ba ka da shi akwai na aro. Kuma kada ka ci bashi don keken tsere tun yanzu. Ka yi wata shida tare da mu tukuna, in abin ya zauna maka a rai za mu taya ka neman gwanjo mai kyau daidai tsayinka.

Tambaya: Kawu, ni ɗan ƙungiya ne, ka san ni, amma a sakaya sunana. Tun da samarin nan masu sababbin kekuna suka shigo, fita ta koma tsere. Kafin mu bar gari sosai sun ɓace mana. Wasunmu har sun fara cewa a raba ƙungiya kowa ya kama gabansa.

Amsa: Ƙanena, na gane mai magana, kuma gaskiya ka faɗa. Ni ma na ga ranar da mutum biyu suka juya gida tun daga rabin hanya, ba su ko zo shan shayi ba, abin ya kwana a raina.

Amma ba zan ga laifin samarin nan ba. Suna kallon Biniam Girmay ɗan Eritiriya a wayoyinsu, wanda a 2024 ya ci zango uku a gasar tseren keke ta Tour de France ya kuma tafi da koriyar riga, ta wanda ya fi tara maki. Sun ga an yi gasar duniya ta tseren keke a Kigali ta ƙasar Ruwanda a 2025, karo na farko a Afirka. Maƙwabtanmu na Burkina suna yin Tour du Faso tun 1987. Yaro ɗan shekara 19 ya ga wannan duka, ka ce masa ya yi tafiyar dattawa? Garin da ya fitar da Kantu, zakaran farko na gasar kokowar ƙasa a 1975, ba a raba 'ya'yansa da son gwada ƙarfi. Ni burina ma in ga ɗayansu ya sa rigar ƙasa.

Abin da nake ta nanata musu shi ne, ko can wurin ƙwararrun, tseren keke aikin gayya ne. In ana gudu bisa shimfiɗaɗɗiyar hanya, mafi yawan ƙarfin mutum a kan ture iska yake ƙarewa. Wanda ya laɓe daf da bayan wani yana iya rage kusan kashi ɗaya cikin uku na wahalar. Shi ya sa ake karɓa-karɓa: ka ja gaba ɗan lokaci, ka kauce, ka koma baya ka huta, wani ya karɓa. Duk wanda ya taɓa nufar gabas bisa hanyar Damagaram cikin watan Janairu, iskar hunturu tana dukan ƙirjinsa da ƙura, ya san darajar wanda ke gabansa.

Ga abin da muka tsayar a zaman da ya wuce, wanda ba ka samu zuwa ba. Tawaga biyu, ƙungiya ɗaya. Masu ƙarfi su ƙara nisa su yi gudunsu, amma wurin juyowa ɗaya ne, kuma wanda ya riga isa zai jira. Lahadin ƙarshen wata kowa da kowa tare, samari a gaba suna tare wa dattawa iska, gudun kuma na wanda ya fi kowa rauni ne. Shayi kuwa buta ɗaya ce, ba mai tashi sai an sha na uku.

Kada ka raina wannan zaman shayin. A nan tela ya samu almajirai biyu da yake koya wa ɗinki. A nan ake karɓar dala ɗari ta wata-wata da muke zubawa a asusu, a karanta abin da ya shiga da abin da ya fita a gaban kowa. Da aka yi wa mai gyaran wayar nan haihuwa, da kekuna muka je suna, muka jera su a jikin katanga, yaran unguwa suka yi ta ƙirgawa. Da mahaifiyar ɗayanmu ta rasu a Gidan Rumji, samarin nan da kake kuka da su su ne suka taka fiye da kilomita 50 suka je gaisuwa, suka wuni suna raba wa baƙi ruwa. Ka dawo Lahadi, ka faɗi maganarka a gabansu, zan zauna kusa da kai.

Tambaya: Malam, ɗana ɗan shekara 16 ya shiga cikinku. Hankalina ba ya kwanciya in na tuna manyan motocin hanyar Dan Isa. Ga kuma ɗan guntun wandon nan mai matse jiki, mahaifinsa ba ya son ganinsa. In hana shi ne?

Amsa: Hajiya, Allah ya raya shi ya yi masa albarka. Tsoronki yana da dalili, ba zan ce miki hanya ba ta da haɗari ba. Mun taɓa gani da idonmu. Wata safiya akuya ta yanko daga cikin gona ta shiga gaban telan nan, ya kama birkin gaba da ƙarfi, ya wuntsila ta kan ƙaho. Na ji ƙarar kansa bisa kwalta daga inda nake. Ya karye a kafaɗa, kasken da ke kansa ya tsage gida biyu, amma kan bai samu ko ƙwarzane ba. Kasken yana nan rataye a rumfata, duk sabon shiga sai na ɗora masa shi a hannu ya juya ya gani. Asusu ne ya biya magani, kuma makonnin da ya yi a kwance almajiransa ne suka riƙe shagon, mu kuma muna leƙawa.

Saboda irin wannan muka ɗaure kanmu da sharuɗɗa. Ba ma fita Litinin da Juma'a, ranakun da kasuwar Maradi ke ci, don hanyoyi cike suke da motoci da amalanke. Ba ma hawa kwalta sai gari ya waye an ga juna. In babbar mota ta taho, wanda ke can baya yana da usur, yana busawa kowa ya koma layi ɗaya. Ni ne a bayan nan yawancin lokaci, yara ƙanana kuma a tsakiya muke sa su. Yaron da bai kai 18 ba ba ma rubuta sunansa sai na je gidansu da ƙafata na ji daga bakin mahaifi. In ɗanki ya shigo ban zo ba, to sakaci ne daga wajenmu, kuma ina nan tafe cikin makon nan in Allah ya yarda.

Maganar wando, mahaifinsa yana da gaskiya, mu ma mun tattauna ta. Amfanin wandon shi ne soson da ke cikinsa, wanda ke hana sirdi goge mutum in tafiya ta yi nisa. Ba dole ne a gan shi a waje ba. Telanmu yana ɗinka wani mara nauyi da ake ɗorawa a kai, ya rufe gwiwa, ƙafarsa a tsuke don kada sarƙa ta kama. Yawancinmu shi muke sawa, da shi muke tsayawa mu yi salla in lokaci ya riske mu. Kuma ki sani, duk yaron da muka ji ya fara wasa da makaranta ko Islamiyya, kekensa a rumfata yake kwana har sai ya gyara. Shawarata kada ki hana shi. Ki roƙi mahaifinsa ya zo ya sha shayi da mu Lahadi ɗaya, ya ga waɗanda ɗansa ke zama da su, sannan ya yanke hukunci.

Tambaya: Kawu, yaya kuke yi da zafin bazara da kuma azumi?

Amsa: A Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, muna rage nisa, ƙarfe 9 ta same mu a inuwa. Kowa da gora biyu, a riƙa kurɓa tun kafin ƙishirwa ta zo. In gumi ya yi yawa, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, da 'yan dabino a aljihu. Wanda ya ji jiri ko ya ga gumi ya ɗauke masa, ya sauka nan take a nemi inuwa. Da azumi babu doguwar fita, sai ɗan zagaye a hankali dab da magariba, mu sha ruwa tare. Mai hawan jini ko ciwon sukari ya fara ganin likita.

Tambaya: Baba, ni ɗaliba ce a unguwar Ali Dan Sofo, da keke nake zuwa makaranta. Mu mata fa, babu wurinmu?

Amsa: 'Yata, tambayarki ta taɓa ni, don 'yar cikina ma ta yi min ita, ita da na koya wa hawa a tsakar gida ina riƙe da sirdi. Har yanzu babu mace a fitar Lahadi, kuma iyaye da yawa ba za su yarda 'yarsu ta bi ayarin maza zuwa bayan gari ba, na kuma fahimce su. Abin da muka fara shi ne, wata malama, matar ɗaya daga cikinmu, tana tara 'yan mata ranar Asabar a filin wata makaranta, su yi zagayensu su kaɗai. Ni nakan je in duba musu birki in koya musu gyara, don kada taya ta yi faci yarinya ta tsaya a titi tana jiran taimakon wanda ba ta sani ba. In sun yi yawa sun ƙware, su da iyayensu za su faɗi inda suke so abin ya kai, mu kuma asusu da kayan aikinmu suna gabansu.

Ki kula da abu ɗaya tun daga gobe: dogon hijabi ko bakin zane in ya shiga wayoyin tayar baya yana fizgo mutum ƙasa, na ga wadda hakan ta sama a bakin kasuwa. Ki riƙa tattare shi ki zauna a kai, ko ki kawo keken in sa masa raga a gefen tayar. Ki nemi yardar gida, ki zo Asabar da ƙarfe 8. Zan taho da famfo da faci, darasin wannan makon cire tayar baya ne da mayar da ita.