An ce ƙashin wuyana ya zaizaye, in bar ɗinki?

Tambaya: Likita, ni tela ne, shekarata 52. Na daɗe ina fama da ciwon wuya, wani lokaci ya sauko kafaɗa har babban yatsan hannuna na dama. An ɗauki hoto, aka ce ƙasusuwan wuyan sun zaizaye. Kullum sai na sha Diclofenac kafin in hau keke. Shanyewa zan yi? In bar sana'ar?

Amsa: Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Kada hoton nan ya tayar maka da hankali. Ƙasusuwa 7 ne a wuya, da faifan guringuntsi a tsakaninsu da ke tare girgiza. Da shekaru suka ja, faifan yakan bushe ya lotse, ƙashi kuma ya yi tsiro a gefe. Yawancin waɗanda suka haura 60 suna da wannan zaizayewar, da yawansu ba sa jin komai. Shi ya sa muka fi duba abin da mutum ke ji a jikinsa a kan abin da hoto ya nuna.

Ciwon da ke sauka zuwa babban yatsa yakan nuna jijiyar da ke fita tsakanin ƙashi na 5 da na 6 ce ta matsu. Irin wannan galibi yana lafawa ba tare da tiyata ba.

Ban ga dalilin barin ɗinki ba, yadda kake ɗinkin ne za ka gyara. Kan mutum ya kai wajen kilo 5, duk lokacin da ka sunkuya kana bin allura, nauyin da wuya ke ɗauka ninkuwa yake. Daidaita kujera da keke yadda ba sai ka duƙa sosai ba, ka sa fitila mai haske a kan aikin. Je a gwada idonka ma. Teloli da yawa a shekarunka tabarau suke buƙata, rashinsa ke sa su kifa kai. Duk bayan rabin awa ka miƙe, ka ja haɓa baya a hankali, ka juya kafaɗu. Na san gab da salla babu telan da ke jin wannan magana, amma kwanan shago shi ya fi tayar da ciwon. Likitan gashin ƙashi zai koya maka motsa jikin da ke ƙarfafa naman wuya, wannan ne maganin da ke ɗorewa. Abin ɗaure wuya kuwa, in an daɗe da shi, raunana naman yake yi.

Shan Diclofenac kullum ya fi damuna. Yana jawo gyambon ciki, yana taɓa ƙoda, yana ƙara hawan jini. Ka koma wurin likita a sake maka tsari, kada kuma wani ya kai ka ga Tramadol. Kada ka bari wanzami ko mai ɗori ya murɗe maka wuya.

Shanyewa ba kasafai take faruwa ba, kuma takan yi sallama. In ka ga ɓalla maɓalli ko zura zare ya fara gagararka, kaya na suɓucewa daga hannunka, tafiyarka na tangaɗi, ko fitsari ya ƙi riƙuwa, to alama ce lakar da ke cikin ƙashin wuya ta matsu. Kada ka jira, ka nufi babban asibiti irin Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, a yi maka hoton MRI, wanda ke nuna laka da jijiyoyi. Haka in ciwon ya zo da zazzaɓi, gumin dare da rama, domin tarin fuka na kama ƙashin baya, maganinsa kuma daban ne.