Toshewa a hagun ƙwaƙwalwa, shanyewa a hannun dama: yaya aka yi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Mahaifinmu mai shekara 68, wanda ya daɗe yana fama da hawan jini, ya tashi da asuba bakinsa a karkace, hannunsa na dama ya saki, magana ta ƙi fita, ko da yake yana gane mu. An yi masa hoton kai, aka ce jijiyar jini ce ta toshe a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa. Abin ya ɗaure mana kai: yaya ciwo yana hagu, lahani ya fito dama? Yayana kuma ya dage sai an duba laka, tunda ita ke kai saƙo ga hannu da ƙafa. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Abin da likitocinsa suka faɗa daidai ne, kuma alamomin da kika lissafa sun nuna ko wace jijiya ce tun kafin a ɗauki hoto.

Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana karɓar kusan kashi 15 na jinin da zuciya ke turawa, tana cinye kusan kashi 20 na iskar oksijin. Ba ta kuma ajiya. Idan jini ya yanke mata gaba ɗaya, cikin daƙiƙa goma mutum zai suma, cikin 'yan mintoci ƙwayoyinta su fara mutuwa.

Manyan jijiyoyi huɗu ne ke kai mata jini. Biyu suna hawa ta gaban wuya, su ake kira karotid. Ki ɗora yatsu biyu a gefen maƙogwaro a hankali, za ki ji bugunsu. Sauran biyun suna bi ta ƙananan ramuka a ƙasusuwan wuya, su shiga ta ƙeya, su haɗe su zama guda. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, na gaba da na baya suna haɗuwa a wani zobe da aka sa wa sunan Thomas Willis, likitan Ingila da ya yi bayaninsa a 1664. Aikin zoben kamar na shataletale ne: idan hanya ɗaya ta rufe kafin a iso shi, jini na iya zagayowa ta wata. Sai dai a yawancin mutane zoben bai cika yadda ake zana shi a littafi ba, shi ya sa mutum biyu za su sami toshewa iri ɗaya, ɗaya ya ci gaba da harkokinsa, ɗaya ya kwanta. Toshewar da ta faru bayan an wuce zoben kuwa, ba abin da zai iya yi mata.

Daga nan rassa uku ke fita a kowane ɓangare. Na gaba yana ciyar da wurin da ke sarrafa ƙafa. Na baya yana kula da gani. Na tsakiya, wanda ya fi girma kuma ya fi yawan toshewa, shi ke ciyar da wurin fuska da hannu, kuma a ɓangaren hagu, a kusan duk mai amfani da hannun dama, cibiyar magana tana yankinsa. Likitan Faransa Paul Broca ne ya fara nuna wannan cibiya a 1861. Baki, hannu, magana: reshen tsakiya na hagu ke nan. Idan kin lura, wataƙila ƙafar Baba ta fi hannunsa ƙarfi. Kuma ki sani rashin maganar ba gushewar hankali ba ne. Sau da yawa mai wannan lalura yana jin duk abin da ake faɗa a kansa, don haka a kula da irin hirar da ake yi a gefen gadonsa.

Batun hagu da dama kuwa halitta ce. Zaruruwan da ke ɗauko umarnin motsi daga ƙwaƙwalwa, galibinsu suna tsallakawa ɗaya ɓangaren a gindin ƙwaƙwalwa, dab da inda laka ta fara. Hagu ke juya dama, dama ke juya hagu.

Yayanki bai yi shirme ba. Laka ma tana da nata jijiyoyin jini, kuma suna toshewa. Guda ɗaya ce ke gangarawa ta gabanta tana ciyar da kashi biyu cikin uku, biyu kuma ta baya. Ta gaban siririya ce, sai ƙananan rassa daga babbar jijiyar da ta fito daga zuciya suna tallafa mata a hanya. Mafi girmansu, wanda Albert Adamkiewicz ya bayyana a 1882, yawanci daga hagu yake shigowa, wajen ƙasan ƙirji, shi ya sa masu tiyatar babbar jijiyar nan suke kaffa-kaffa da shi. Amma toshewar jinin laka ba ta wuce kusan kashi 1 cikin 100 na irin waɗannan cututtuka ba, kuma kamanninta daban ne: ciwon baya mai tsanani farat ɗaya, ƙafafu biyu su mutu tare, fitsari ya ƙi riƙuwa ko ya ƙi fita, mutum ya daina jin zafi da sanyi alhali yana sanin inda ƙafarsa take. Fuska da magana ba sa taɓuwa, domin jijiyoyin da ke kai musu saƙo a sama da laka suke fita. Karkacewar bakin Baba kaɗai ta isa ta wanke laka.

Akwai abin da ya fi duk wannan muhimmanci a wurina. Kusan kashi 85 cikin 100 na shanyewar ɓarin jiki toshewa ce, ragowar kuma fashewar jijiya ce, kuma ido ba ya bambanta su sai da hoton cikin kai, irin na na'urar siti (CT). Saboda haka kada a ba mutum asfirin a gida, domin idan fashewa ce an ƙara masa zubar jini. Kada a ɗura masa ruwa ko magani, haɗiya kan lalace, abin ya wuce huhu. A kwantar da shi a gefe, a nufi asibitin da ke da na'urar hoto. Kewaye da wurin da ya mutu a ƙwaƙwalwa akwai yankin da yake raye da ɗan jinin da ke lallaɓowa ta gefe, shi ake rige-rigen ceta. Allurar narkar da gudan jinin da ya toshe jijiyar tana aiki ne cikin awa huɗu da rabi, zaro gudan ta cikin jijiya kuma cikin awa 6, wani lokaci har 24 ga wanda hoto ya nuna ya dace. Ga wanda ya farka da ciwon kamar Baba, daga lokacin da aka gan shi lafiya na ƙarshe ake fara lissafi. Ko alamun sun wuce da kansu cikin mintoci, a je asibiti ranar. Gargaɗi ne, babbar na iya biyowa cikin kwanaki.

Yanzu ku tambayi likitocinsa daga ina gudan ya taso. A duba jijiyoyin wuya ko kitse ya ƙuntata su, a yi gwajin bugun zuciya, domin akwai rikicewar bugu da ke tara gudan jini a cikinta, kuma maganinta daban ne da asfirin. A auna suga da kitsen jini. Maganin hawan jini kada ya yanke don an ga awo ya sauka. Gashi da motsa gaɓoɓi da koyon magana a fara su da zarar likita ya ba da izini, domin watanni uku zuwa shida na farko ne aka fi samun sauƙi a cikinsu, kuma kada a ja shi ta hannun da ya shanye wajen tayarwa, kafaɗar tana saurin gocewa.